Idan Yaro Ya Ƙone: Abin da Za a Yi Daga Mintin Farko Har Ciwon Ya Warke

Tun da sanyi ya fara shigowa tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini: yaro ya jawo tukunyar kunu, ko ya faɗa kaskon garwashi, me za a shafa masa? Wata ta ce makilin aka ce mata, wani ya ce ɗanyen ƙwai, wata kuma ta ce a unguwarsu baƙin mai ake sawa. Amsar a taƙaice: ba a shafa komai. Ruwa ake zubawa, na minti 20, sauran aiki duk bayansa yake biyowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka suna mutuwa da ita fiye da ninki biyu na sa'o'insu a duniya baki ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san tsakar gidanmu: murhu a ƙasa, tukunya a ƙasa, fulas a ƙasa, mai rarrafe ma a ƙasa. Ga shi fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, shayin da zai sa hannun uba ya yi ja kawai, shi zai saɓule wa jariri fatar ƙirji.

1. A raba shi da abin da ke ƙona shi

In ruwan zafi ne, ko miya, ko man suya, a ɗauke yaron daga wurin. In wuta ce ta kama tufafinsa, kada a bar shi ya ruga, gudu iska yake ba wutar. A kwantar da shi ƙasa, a mirgina shi, a danne wutar da bargo ko babban zani mai kauri, ko a sheƙa masa ruwa.

Gargaɗi: kada a danne wuta da hijabi ko mayafi mai santsi irin na roba. Narkewa yake ya manne da fata, ya ƙara ɓarna.

In lantarki ne, kada a taɓa yaron da hannu matuƙar yana jikin waya. A kashe wuta daga babban makunni ko a kashe janareta. In hakan ba zai yiwu nan take ba, a tsaya kan busasshen wuri a ture wayar da busasshen katako, kamar taɓarya ko muciya.

In soda ce irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ko ruwan batir, mai taimako ya sa leda a hannunsa. Garin soda a fara kakkaɓe shi tukuna kafin ruwa ya taɓa wurin.

2. A cire kaya, da sauri

Rigar da ta jiƙe da kunu mai zafi ci gaba take da dafa fata. A cire ta, in za ta bi ta fuska a yanka ta da almakashi. A cire famfas ko nafkin, don ruwan zafi yakan gangara ya taru a ciki, iyaye na can suna duba ƙirji alhali babbar ɓarnar tana ƙasa. A cire zobe, awarwaro, jigida, kambu, duk wani abu da ya zagaye gaɓa. Kumburi na zuwa cikin ɗan lokaci, kuma zoben da ya ƙi fita yana iya tsayar da jini zuwa yatsa.

Gargaɗi: tsumman da ya manne da ciwo ba a fizgarsa. A yanke kewayensa a bar wa ma'aikatan asibiti.

3. Ruwa, minti 20 cur

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Kowa ya san tukunyar tuwo ba ta daina tafasa don an sauke ta daga murhu. Haka fata take: zafin da ya shige ta yana ci gaba da nutsawa bayan an raba ta da wuta. Ruwa mai gudana shi ke janye zafin, ya rage zurfin ƙunar, ya rage raɗaɗi, kuma sau da yawa shi ke raba ciwon da zai warke cikin mako biyu da wanda sai an yi masa dashen fata.

Wane ruwa? Na famfo, na randa, na rijiya, na leda, duk wanda za a iya sha ko a yi alwala da shi. Mai sanyi daidai, ba mai ƙanƙara ba. Inda babu famfo, a cika buta a riƙa tsiyayawa a hankali, wani na tsaye yana cika ta biyu. Ba a buƙatar kwarara. Jarka ɗaya ta 'yan garuwa, in siririn zubi ake yi, za ta kai ko ta kusa. In ruwan ya yi ƙaranci, a tsoma hannun ko ƙafar cikin baho mai tsabta, a riƙa sauya ruwan da zarar ya yi ɗumi.

A duba agogon waya. Ina nanata wannan ne don yaro na tsala ihu, uwa na kuka, minti 3 sai ya zama kamar awa guda, a ce ai ya isa. Bai isa ba. Uwa ta rungume shi a cinya, ta juya fuskarsa daga ciwon, wani ya yi zubin. In an makara ma ba a yi asara duka ba, ruwa na da amfani har zuwa awa 3 bayan ƙunar.

Gargaɗi na farko: ban da ƙanƙara, ban da ruwan firji mai ɗaukar haƙori. Tsananin sanyi yana tsuke hanyoyin jini a wurin da ya fi buƙatar jini, ƙunar ta ƙara zurfi.

Gargaɗi na biyu, musamman da hunturu: ciwon ake sanyayawa, ba yaron ba. A lulluɓe sauran jikinsa da bargo, kada a tsoma shi gaba ɗaya cikin baho. Jariri yana saurin rasa ɗumin jiki, kuma wannan kaɗai yana kisa. In ya fara rawar sanyi, ko ƙunar ta ci wuri mai faɗi kamar duk baya ko ƙirji da ciki, a taƙaita ruwan, a rufe shi a kama hanyar asibiti.

Soda da ruwan batir sun fi buƙatar ruwa: a wuce minti 20, kuma a karkata jikin yadda ruwan wankin ba zai bi ta lafiyayyar fata ba. In ido ne, a buɗe shi a yi ta zubawa daga gefen hanci zuwa waje.

4. A tsare ciwon daga masu taimako

Kafin minti 20 ɗin su cika gida ya cika da maƙwabta, kowa da maganinsa a hannu. Ba mugunta ta kawo su ba, amma abin da suka riƙo yakan fi ƙunar illa. Makilin yana sa a ji sanyi-sanyi na ɗan lokaci, sai ya bushe ya daskare a kan ɗanyen nama. Ɗanyen ƙwai, kashin shanu, toka da ƙasa ƙwayoyin cuta suke kai wa fatar da ta rasa garkuwarta, har da tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta ƙulle haƙora. Manja, man shanu da man kaɗanya suna riƙe zafin a ciki. Baƙin mai guba ne kawai. Gishiri azaba ce ba tare da amfani ba. Garin kafso da ake ɓarewa a barbaɗa ba ya hana ciwo ruɓa. Shi kuwa shuɗin maganin nan na kyamis, yana rine wurin ta yadda likita ba zai iya gane zurfin ƙunar ba, alhali da launin fata yake ganewa.

Abin da ba a cika gaya wa iyaye ba: duk abin da aka shafa, sai an wanke shi tas a asibiti kafin a fara magani. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin wankin ciwo ya ji kukan yaron da ake kankare wa busasshen makilin, ba zai sake bari a kawo shi kusa da ƙuna ba.

Zuma fa? Ita daban ce, ba na sa ta a sahun baƙin mai. Akwai asibitocin da ke amfani da tatacciyar zuma wajen ɗaure wasu raunuka. Amma ba ita ce taimakon farko ba, ba ta janye zafi, kuma ta kasuwa ba kowacce ce zalla ba. A bari ma'aikacin lafiya ya ga ciwon tukuna.

Wahalar ita ce mai maganin sau da yawa kaka ce ko uwar miji, ba a iya ce mata a'a kai tsaye. Maigida ne ya kamata ya tsaya a nan, cikin ladabi: "Hajiya, a yi haƙuri a bar ruwan ya gama aikinsa, likita ya ce in an shafa wani abu sai sun kankare, jikanki ne zai sha wuya." Da wuya kaka ta ji haka ta nace.

5. A rufe

Bayan ruwa, a rufe ciwon don iska ma kanta raɗaɗi take ƙarawa, ga ƙura ga ƙuda. Mafi kyau ita ce siririyar ledar nan mai mannewa da ake rufe abinci da ita: a yar da zagayen farko, a shimfiɗa ta a kai falle-falle. Ba ta manne wa ciwo, kuma likita na gani ta cikinta. Hannu ko ƙafa a zura su cikin sabuwar farar leda. In babu, wankakken ƙyalle na auduga wanda aka goge da dutsen guga ya wadatar.

Gargaɗi: a shimfiɗa, kada a naɗe gaɓa tamau, kumburi na tafe. Ban da leda a fuska. Ban da auduga mai gashi, ban da tawul, suna kama ciwo. In yatsu ne suka ƙone, kada a ɗaure su a haɗe.

Bororon da ya ɗuri ruwa a ƙyale shi. Ba a fasa shi da allura ko reza, fatar da ke samansa ita ce bandejin da ya fi kowanne tsabta.

6. Maganin raɗaɗi

Farasitamol na yara ya isa a matakin farko. Ma'auninsa miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana. Yaro mai kilo 10, in ruwan maganin mai miligiram 120 ko 125 ne a cikin mil 5, zai sha kimanin mil 6. A auna da sirinji ko murfin awon da ke cikin kwalin, ba da cokalin shayi ba. Ban da asfirin ga yara, ban da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, ban da tiramadol.

7. Gida ko asibiti?

An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima. A ƙuna kam ido yana yaudara, sai an haɗa da awo. Tafin hannun yaron kansa, har da yatsu, kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Da shi ake ƙiyasta faɗin ciwon, ba da tafin babba ba.

Sai zurfi. Wadda ta yi ja kawai, tana zafi, ba bororo, ta sama ce, takan warke cikin mako guda. Wadda ta yi bororo ko ta saɓule, ƙasanta ja jiƙe-jiƙe, tana zafi sosai, ta shiga tsakiya. Wadda ta yi fari fat, ko ruwan toka, ko baƙi, ta bushe kamar ƙirgi, ita ce mafi muni.

Gargaɗi: rashin kuka ba alamar sauƙi ba ne. Ƙuna mai zurfi tana cinye jijiyoyin da ke jin zafi, sai a ga yaro ya yi shiru a ce da sauƙi. Ita ce ma ba ta warkewa da kanta yadda ya kamata.

A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: jariri ne ɗan ƙasa da shekara 1, komai ƙanƙantar ciwon, wurin da ya yi bororo ko ya saɓule ya fi tafin hannun yaron, ƙunar ta taɓa fuska, wuya, hannu, tafin ƙafa, al'aura, ko kan gaɓa kamar gwiwa da hammata, ta zagaye hannu, ƙafa ko ƙirji, akwai wuri fari ko baƙi, lantarki ne ko soda ko ruwan batir. Lantarki yakan bar ɗan tabo a waje alhali ya yi ɓarna a ciki, har ya taɓa bugun zuciya.

In gobara ce a cikin ɗaki, a duba hanci da baki. Baƙin hayaƙi a majina, gashin hanci ko gira da suka babbake, dashewar murya, tari ko numfashi mai ƙara, duk alamu ne cewa maƙogwaro na iya kumbura ya toshe cikin awoyi. Wannan ba ya jiran komai.

Idan faɗin ya kai tafi 10, yaron na buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya, don ƙuna mai faɗi tana tsotse ruwan jiki. A irin wannan hali kyamis ɓata lokaci ne.

8. Hanya, da abin da za a kashe

A fara da babban asibitin da ya fi kusa, su za su sa ruwa su tura gaba in ya fi ƙarfinsu. Masu aikin ƙuna da gyaran fata ana samun su a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin koyarwa na Shika, Sakkwato da Maiduguri. A Nijar akwai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta 'yan kwana-kwana a Nijar 18, amma in ga A Daidaita Sahu ko motar maƙwabci a ƙofar gida, kada a zauna jira.

A hanya a lulluɓe yaron, a ɗaga gaɓar da ta ƙone sama kaɗan. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In tafiyar da nisa, kuma yana cikin hayyacinsa ba ya amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, na ƙunshi ko na haɗin gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗauki katin rigakafinsa saboda allurar tetanus. A riƙe lokacin da abin ya faru, da shi ake lissafin ruwan da za a ƙara masa. In an riga an shafa wani abu a faɗi gaskiya, faɗan nas ba ya kisa.

Batun kuɗi: taimakon farko kusan kyauta ne, jarkar ruwa, leda da kwalbar farasitamol. Abin da ke cin aljihu shi ne wankin ciwo da ake maimaitawa, kayan ɗauri, kuɗin gado, da tiyata in ta kama. Tsoron wannan ne ke sa a zauna gida kwana biyar, sai ciwon ya fara wari a kwasa a tafi, a biya ninkin abin da ake gudu. In akwai inshorar lafiya a tafi da katin, in babu a tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin tun ranar farko.

9. Jinyar ƙaramar ƙuna a gida

Wadda ba ta shiga jerin can ba ana iya kula da ita a gida. Kayan aiki: sabulu marar ƙamshi, tafasasshen ruwa da ya huce, Vaseline fari wanda ba a tsoma yatsa a ciki ba, bandeji mai raga-raga na kyamis, da filasta. A ba shi farasitamol rabin awa kafin a fara. A wanke hannu, a jiƙa tsohon ɗaurin har ya saki da kansa, a wanke ciwon a hankali, a shafa Vaseline a jikin bandejin, a ɗora, a ɗaure sako-sako. A sauya ɗaurin kullum ko bayan kwana biyu, da kuma duk sanda ya jiƙe ko ya yi datti. Vaseline a nan hana mannewa yake yi, ba a sa shi a ranar farko kafin ruwa.

Farin man ƙuna da kyamis ke bayarwa, a bari likita ya rubuta. Ba a sa shi a fuska, ba a sa wa jariri sabon haihuwa.

A ciyar da shi da kyau, fata da abinci ake gina ta: ƙwai, wake, kifi, nono, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa. Ƙwan da aka so fasawa a kan ciwo, a dafa masa ya ci. Ya kwana cikin gidan sauro saboda ƙuda.

Gargaɗi: zazzaɓi, mugunya, wari, ja ko kumburi da ke yaɗuwa, amai, gudawa, ƙuraje a jiki, ƙin cin abinci, kasala ko raguwar fitsari, kowanne ɗaya ya isa a koma asibiti a ranar. Ƙaramar ƙuna ma tana iya sa wa yaro guba a jini cikin kwana biyu zuwa uku. Haka nan ciwon da ya kai mako 2 bai rufe ba, ya fi yadda aka zata zurfi.

10. Bayan ya rufe

Tabon ƙuna yana tsukewa. Yaro kuma yakan lanƙwashe gaɓar da ke masa ciwo, sai fata ta warke a haka: yatsu su manne da tafi, haɓa ta manne da ƙirji, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Ana kauce wa wannan da motsa gaɓar kullum tun ciwon na ɗanye, yadda masu gashin ƙashi suka nuna, ko da yana kuka. Sabuwar fata a riƙa shafa mata mai ana murzawa a hankali, a nan man kaɗanya ya sami wurinsa. A kare ta daga rana tsawon watanni, a yanke masa farce saboda ƙaiƙayi.

Kafin a kai ga haka

Yawancin gyaran ba na kuɗi ba ne. A kewaye murhu da jerin bulo, ko a ɗaga kurfoti da risho sama. Mai tuyar ƙosai ko awara kada ta bar yaro kusa da kasko, kuma ba a miƙa kofin shayi ta saman kan yaro. Wajen haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi, sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. A gidan da ake jego, tukunyar ruwan wanka kada a sauke ta a bar ta a buɗe a tsakar gida. Bokitin da aka sa wa hita a kai shi ɗakin da ake rufewa. Tokar murhu a yayyafa mata ruwa kafin a zubar, samanta fari ne amma cikinta garwashi, kuma yara ba takalmi suke bi ta juji. In za a ɗora yaro a babur a kula da gefen salansa. Kaskon garwashi ba ya kwana a rufaffen ɗaki, bayan ƙuna hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci.

Yaro mai farfaɗiya kada a sa shi girki ko jin ɗumi shi kaɗai. Wanda zazzaɓi ya sa shi jijjiga kuwa, kada a kara tafin ƙafarsa a wuta don ya farfaɗo. Jijjigar takan tsaya da kanta, ƙunar ce ke zama.

Ga samari, babban haɗarin fetur ne: ajiye jarkoki a ɗakin kwana, zuba wa janareta mai yana aiki, hura wuta da fetur, da rugawa kwasar mai in tanka ta faɗi. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 ne suka rasu a irin wannan kwasar. A gaya musu ƙarara, tun kafin tanka ta faɗi a hanyar garinsu, cewa tururin fetur yana kama wuta daga nesa da inda man ya malala, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.